Magulmaci a Hanyar Goronyo

Duk wanda ya hau motar haya tsakanin Sakkwato da Goronyo a shekarun baya ya san tsere ake yi, ko da yake ba wanda ya taɓa shata layi ko ya sa kofi. Mota biyu su bar tasha kusan lokaci guda, kowane direba ya san wanda ya riga isa ƙauyen gaba shi zai kwashe fasinjan bakin titi, na baya ya tarar da ƙura. Ranar kasuwar Achida, ko Lahadi da ta Goronyo ke ci, abin ya fi ƙamari. Golf ce ke tashe a lokacin, samfurin nan na uku mai dogon baya: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a wangale an ɗaure murfinsa da igiya bisa buhunan albasa.

Kawuna yana da irinsu biyu. Sana'arsa ta gado albasa ce da tafarnuwa, yana saye a fadamun Wurno da na ƙasan madatsar ruwan Goronyo yana turawa Kudu. Motocin ya saye su ne don kada gida ya rasa kuɗin cefane tsakanin wannan girbi da wancan. Ɗaya tana hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya fara tuƙi tun zamanin Peugeot 504 haɗin Kaduna. Ɗayar tana hannun wani matashi sa'ana, ɗan abokin Kawu, wanda 'yan kamasho ke yi wa kirari don ba a wuce shi a hanya. Ni kuwa gyaran wutar mota ne aikina, rewaya. A Sakkwato na yi koyo, na dawo gida Wurno na kafa rumfa.

A watan Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, maganar ta cika tasha. Ana cikin wannan surutu Kawu ya aiko a kira ni bayan isha'i. Ba dokar ce ta dame shi ba. Motar matashin ce ta sake ƙona gaskit. An sauke kan inji, an kai an goge, an mayar, ga ta kuma ta fara shan ruwa. Bakanike ya ce gudu ne. Direba ya ce injin da ciwonsa ya zo tun daga Kwatano. Baba da aka tambaye shi, cewa ya yi shi dai tasa motar ya sani.

"Kowa shina ba ni nashi labari," in ji Kawu. "Motar ce kaɗai ba ta hwaɗi komi ba."

Na ce, "Kawu, ita ma ana iya sa ta ta faɗa."

Ba ni na ƙago dabarar ba. A gidan kallon ƙwallo, in babu wasa, mai gidan kan bar mana tashar da ke nuna tseren Formula 1. Motocin ba su cika ɗaukar hankalina ba kamar mutanen nan da ke zaune gefen fili sun zuba wa allon kwamfuta ido. Kowace mota tana ɗauke da ma'aunai kusan 300: zafin taya, zafin birki, juyin inji, man da ya rage, yadda direba ya taka totur da daƙiƙar da ya ɗaga ƙafa. Ana aiko da alƙaluman ta iska mota na cikin gudu, ana kuma adana su a zauna a kansu bayan tsere. In direba ya dage shi bai yi saurin taka birki a kwana kaza ba, sai a ɗora zanensa bisa na abokin tuƙinsa a nuna masa wurin, gardama ta mutu. Mutuwar gardamar nan nake so in kawo wa Kawu, da ma'aunai huɗu kacal.

Da Baba ya ji bayanin sai ya ce 504 ba ta nemi wannan tarkace ba. Yana da tasa gaskiyar. 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara fitar da motoci, kuma abin da ke gefen direba a lokacin mutum ne da littafi da agogo. Sai dai shi ma mutumin, hanya yake rubutawa kwana bayan kwana.

Hanya mafi sauƙi ba ta ɓulle mana ba. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, doka ta sa suna da soket mai ramuka 16 kusa da direba; ka cusa ƙaramar na'ura, kwamfutar motar ta zayyana maka gudu da zafi da juyin inji. Golf ɗinmu ta girmi dokar Turai. Soket ɗin yana nan kusa da wurin zuba tokar sigari, amma na'urar Volkswagen kaɗai yake amsa wa. Dole muka haɗa namu. Wani abokina da ke karatun kwamfuta ya sa aka saƙo mana kaya daga Kano a motar haya: allon Arduino, na'urar karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, katin memori irin na waya, da ma'aunin zafi. Shi ya rubuta manhajar. Kowace daƙiƙa layi ɗaya ke sauka a kati, ɗauke da lokaci, wuri, gudu, zafin ruwa, juyin inji, da ko ƙafa tana kan birki. Na motocin tsere kan ɗauki wuri sau 10 ko fiye a daƙiƙa, domin mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 kafin daƙiƙar ta cika. Mu ba kwanar fili muke aunawa ba, sau ɗaya ya ishe mu. Muka zuba kowane haɗi a cikin robar sabulu mai murfi, ɗaya don kowace mota.

Sa shi a mota shi ne nawa ɓangaren, kuma cikin zafin Afrilu na yi shi, kwance a ƙasan sitiyari ƙafafu a waje. Wanda bai taɓa buɗe ƙasan sitiyarin motar haya ba bai san abin da ake kira haƙuri ba. Duk wanda ya taɓa motar matashin ya bar sawunsa: wayar rediyo, ta fitilun ado, ta hon irin na tirela, an fere su da haƙori an murɗe an naɗe da baƙar leda. Fiyus biyu sun ƙone an maye su da zaren waya. Sai da na fara kwance wannan saƙa kafin in sami layi mai tsabta wanda ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, don kada na'urar ta kwana tana zuƙe batir. Na sa mata ƙaramin fiyus nata. Batir wuta 12 yake bayarwa, in inji ya tashi altaneta ta kai shi wajen 14, allon kuwa 5 yake so, don haka na fasa cajar waya ta mota na ciro cikinta na sa a tsakani. Wayar da ke komawa jikin mota na ɗaure ta a noti, bayan na kankare tsatsar wurin har ƙarfe ya yi fari.

Juyin inji daga koyil na ɗauko shi, kuma shi ya fi ba da wahala. Mota tana silo, allo yana nuna alƙaluman da ko motar tsere sai ta yi da gaske. Tartsatsin filogi ne ke shiga wayar ta iska. Na sauya ta da guntun kebul na dish mai rigar ƙarfe, na bi da ita nesa da wayoyin filogi, alƙalami ya natsu. Birki kuwa daga makunnin da ke bayan feda na ɗauko, wanda ke kunna jan fitilun baya. A nan na gano fitilun motar matashin duka biyu a mace suke, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ma'aunin zafi na ɗaure shi da kilif a wuyan da ruwa ke fita daga kan inji zuwa lagireto, na naɗe da robar tsohon tif don kada iskar gaba ta sanyaya shi. Eriyar tauraro tana son ganin sama, sai ta zauna bakin gilashin gaba. Robar sabulun ba za ta jure ranar wurin ba, na cusa ta bayan akwatin gaban fasinja bisa yankin tsohon silifa, saboda gargada. Abu na ƙarshe da abokina ya gyara shi ne manhajar ta riƙa rufe rubutunta duk bayan 'yan daƙiƙu, don direba ba ya neman izinin kowa kafin ya kashe mota, kuma katin da aka yanke wa wuta yana tsakiyar rubutu yakan lalace.

Agogon gudun motocin nan biyu ya daɗe da mutuwa. Shekara da shekaru ana musu a tasha kan wa ya fi gudu, ba mai alƙalami ko ɗaya a hannu.

Kawu ya ce ba za a yi abin a ɓoye ba, aka kira su aka nuna musu. Matashin ya ɓata rai ya ce an sa masa magulmaci a mota, sunan kuwa ya bi robar sabulun har tasha. Baba ya leƙa, ya shafa gemu, ya ce, "Injiniya, wanga abu naka ba shi shan mai ko?" Na ce, "Ba ya sha, Baba." Ya ce, "To bar shi shi zauna."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko muka zauna a zauren Kawu, kwamfutar abokina bisa tabarma, direbobin biyu suna gefe. Muka fara da gudu. A miƙaƙƙen wurin da ke gaban Achida matashin yana haura 130, Baba ba ya wuce 90. Matashin har ya fara murmushi. Sai muka duba lokacin isa Goronyo, tazarar 'yan mintoci ce. Lissafin ba wuya: kilomita 10 a gudun 120 minti 5 ne, a gudun 90 minti 6 da daƙiƙa 40. Wurin da za ka iya sakin mota haka kuwa bai da yawa. Sauran hanyar ramuka ne, da garke, da amalanke, da ƙauyuka, da shingayen bincike, kowa kuma dole ya lallaɓa. Zanen gudun matashin haƙoran zarto ne sak, a hau a faɗo, a hau a faɗo, birkinsa ya ninka na Baba sau da yawa. Duk man da ka ƙona ka kai mota 130, in ka taka birki a bakin rami ka mai da shi zafi a taya, ka sake saye a gidan mai.

In za a yi adalci, ranar kasuwa matashin yana riga kwashe fasinjan hanya, kuma kuɗi ne. Baba nasa fasinjan jiransa suke yi: mata masu zuwa asibiti, da tsofaffi baƙi masu ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Wannan ba ya cikin kati, a bakin 'yan kamasho muka san shi.

Zafin ruwa ne ya sa zauren ya yi tsit. Duk mun ɗauka a wurin gudu layin zai tashi. Ashe a can lafiya lau yake, yana wajen digiri 90, don iska tana dukan lagireto. A cikin cunkoson kasuwar Achida, mota tana rarrafe a giya ɗaya da lodi har rufi, a nan layin ya miƙe sama ya haura 110. Sai juyin inji ya koma sifiri, inji ya mutu amma makulli yana nan a murɗe. Zafin ya ƙara ɗagawa kaɗan, kamar yadda yakan yi in ruwa ya daina zagayawa. Can kuma sai ya rikito ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu. Inji ba ya hucewa haka don kansa.

Kawu ya dubi matashin. "Ɗana, mi kaka yi mata a nan?"

Ya ce, "Alhaji, ruwa nika ba ta. In ta tafasa sai in sayi na sanyi wurin masu kula in zuba, ta huce mu wuce."

Shi a ganinsa taimakon motar yake yi. Gangar injin Golf ƙarfen zubi ce, kan injin kuwa alminiyom, ba sa buɗewa da tsukewa tare. Ka kwarara ruwan ƙanƙara a kan da ya ɗau wuta haka, sai ya lanƙwashe, gaskit ya bar wurinsa. Da na buɗe gaban motar washegari na sami mafarin abin. Makunnin da ke tada fanka in ruwa ya yi zafi ya mutu, wani ya yi mata haɗin hannu da wayar da ke kamawa tana saki. Murfin tulun ruwa kuma ba nata ba ne, ba ya riƙe numfashi. Murfi mai kyau shi ke matse ruwa har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Makunni da murfi duka kuɗinsu bai kai na goge kan inji sau ɗaya ba. Daga ranar ban sake ganin an sauke kan injin nan ba. Bakanike da ya ce gudu ne bai ji daɗi ba, direba da ya ce ciwon Kwatano ne shi ma haka.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin gyaran mota ne kawai. Amma mun bar na'urorin suna ta rubutu, nakan ciro katin lokaci-lokaci in kwashe. Baba kan yi jigilar Rabah da Gandi wasu ranaku. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi. Bayan wannan, wani baƙon abu ya fara fitowa a katin Baba. Mota ta tsaya a gefen hanya inda babu gari babu tasha, inji a kunne, minti goma, wani lokaci ashirin, kusan wuri guda kullum. Daga nan kuma mutumin da ba ya wuce 90 sai ga shi a 120, kilomitoci masu yawa, birki ko sau ɗaya.

Kawu ya ce ko lodin ɓoye dattijon ya fara. Kati ba shi da amsa, kuma ba na iya tsare Baba da irin wannan tambaya. Sai na ce zan bi shi Gandi in duba wani aiki.

Da muka kai wurin ya gangara ƙarƙashin wata bishiya ya tsaya, hannu bisa giya, ido a kan hanya. Ba fasinjan da ya tambayi dalili. Wata mata a baya ta gyara goyo, wani tsoho ya ciro carbi. Muna nan har wata mota ta ɓullo daga gaba. Baba ya haska mata fitila sau biyu, ta rage gudu, gilashi ya daidaita da gilashi.

"Hanya?"

"Lahiya lau. Ku tahi, kar ku tsaya."

Baba ya yi bismilla ya sa giya. Ramukan da ya saba zagayawa ɗaya bayan ɗaya ya bi ta kansu, but yana dukan ƙasa, ni da na san abin da tayoyin nan suka sha na riƙe ƙofa da hannu biyu. Sai da rufin kwanon gari ya bayyana ya ɗaga ƙafa, ya dube ni ya ce, "Ka hwaɗa ma magulmacinka shi rubuta wannan ma."

Na faɗa wa Kawu abin da na gani, bai ce uffan ba. Tun daga nan na daina karanta kati in mai motar da direbanta ba sa wurin tare. Injiniyoyin tsere ma ba sa yanke hukunci kan zane sai direba ya zauna ya faɗi abin da ya gani a kwanar. Da katin kaɗai muka bi, da mun tuhumi dattijo da cin amana da ganganci a rana guda, alƙaluma kuma suna goyon bayanmu.

A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su bi ta Goronyo da Sabon Birni, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Rabah da Goronyo. Manyan 'yan kasuwa masu tirela da suka sa na'urar bin sawu mai layin waya suka wayi gari ba sa ganin motocinsu in sun shigo yankin. Tamu ba ta san an yi ba, don sauraron tauraro kawai take yi ta rubuta a kati, ba ta aika wa kowa komai. Amfaninta ke nan, kuma iyakarta ke nan: tana faɗa maka inda mota ta je bayan ta dawo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba da yamma aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Baba ya je kasuwar ran nan, amma ya baro kafin la'asar, kamar yadda katin ya nuna ya daɗe yana yi. Babu waya, a bakin mutane labarin ya iso Wurno.

Matashin bai daɗe ba ya ajiye makulli ya koma tuƙin cikin gari a Sakkwato, aka jingine motarsa. Ana nan Baba ya fara kasa cika balas. Kawu ya ce in kawo tsofaffin rubuce-rubucen, ya sa aka kira Baba, muka jera na 2017 da na ƙarshen 2021. A da motar takan tashi da asuba, ba ta kwanta sai bayan isha'i. Yanzu ba ta motsi sai rana ta fito sosai an ga wasu sun shigo lafiya, kafin la'asar kuma tana gida. Wunin aikin ya ragu da kusan rabi, ga tsayuwar jiran labari a cikinsa. Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dubi Baba.

"Malam, daga yau rabin balas za ka riƙa kawowa, sai Allah ya kawo sauƙi."

Baba ya yi godiya, ya ce, "Alhaji, in da hali a ƙara mini da taya biyu na gaba da shokozoba. Gudun ga da muka yi bisa ramu, su yaka ci."

Ranar Litinin ni da Kawu muka shiga Sakkwato muka sayo, na ɗaura masa su a rumfata kafin azahar.